Kwalin Dubu Bakwai

Ranar kasuwa, Jega ta cika ta batse.
Na kutsa layin 'yan albasa, hannuna dafe da aljihu,
dubu tara ne a ciki, ladan ɗinkin riga huɗu.
Na ƙirga su sau uku a hanya, ko ɗaya ba ta haihu ba.

Shagon Sahabi na bayan masu gyaran rediyo,
inda littafin lissafi ke kwana da ƙwallon roba.
Na ce, “Wasan nan nake so na tatsuniya,
wanda mai sauraro ke shiga ciki da ƙafarsa.”
Ya taka benci, ya sauko da kwali uku.

Na fari ƙato ne, sai da hannu biyu.
A murfinsa dodo mai fiffike yana aman wuta,
a cikinsa mayaƙan roba arba'in, kowa da takobi,
da littattafai uku, kowanne ya isa matashin kai.
“Nawa?”
“Talatin da biyar.”
Na mayar masa a hankali, kamar jaririn mutane.

Na biyu sha takwas, yana ƙyalli.
Amma sai an sayo masa wani littafin daga Kano
kafin ya buɗe baki.
Wa ke sayen akuya ƙafa uku,
a ce ta huɗun tana wajen mahauci?

Na ukun ya daɗe a ƙasan kanta,
kusurwa ta lotse, damina ta lashi gefensa.
Siririn littafi ɗaya. Taswira mai ninki huɗu.
Takardu biyar, an riga an raɗa wa jarumai suna.
Sai 'ya'yan ludo a ƙullin leda,
har da wani mai fuska ashirin
kamar ɗan takara ana gobe zaɓe.

“Babu mayaƙa fa,” in ji Sahabi.
Na ce gidanmu ba a rasa murfin kwalba.
“Goma.”
“Shida.”
“Albarka.”
Na nuna masa tabon ruwa, na juya kamar zan tafi,
na tsaya kallon fitilar da ba zan saya ba.
A bakwai ya sallama,
na fito da kuɗin mota da na ƙosai.

Dare uku ina tuntuɓe a littafin bayan isha'i,
inda Turanci ya yi min tsauri, in tsallake,
in cike ramin da ƙasar garinmu.
Kogin da ke taswira na sa masa ruwan gulbinmu,
dogon gidan dutse ya koma rumbu,
baƙon dodon nan ma na ba shi wurin zama a gindin gada.

Daren Asabar aka ɗauke wuta.
Muka kifa tire a tabarma, muka jingina tocila da tulu.
Nafi'u ya zama maharbi, ƙwallon dabino ne shi.
Bashar maƙeri, maɓallin tsohuwar rigata.
Luba, autarmu, ta ɗauki murfin lemo ta ce masunciya ce,
ba ta cikin takardu biyar ɗin, na ce to.

Suka iso gada. Na kumbura murya:
“Ba mai wucewa sai da zinariya goma!”
Maharbi ya jefa, ɗaya ta fito, kibiya ta faɗa ruwa.
Maƙeri ya ɓuya bayan uwarsa da gaske.

Luba ta tura murfinta gaban dodo,
ta dube ni ido cikin ido.
“Shida,” ta ce.

Na buɗe littafi, na duba gaba, na duba baya.
Ba shafin ciniki.
Uwarsu na dariya har tana dafa bango.

Na rufe shi, na gyara zama.
Dodo ya ce, “Albarka.”